Gaɓar Karan da Na Karya

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai.

Daga Rurum, zuwa ga Ubale.

Bayan sallama irin ta Musulunci da gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya. Allah Ya tsare motar da za ka hau da direbanta, Ya sauke ka Kano lami lafiya, Ya raba ka da mugun ji da mugun gani, Ya haɗa ka da mutanen kirki a makarantar nan ta malaman asibiti. Amin.

Kada ka yi wa rubutuna dariya. Da furfurata na koyi bokon nan a ajin yaƙi da jahilci, har yanzu wasu baƙaƙen gardama suke yi mini. Da na ga dama da na je wurin mai rubuta wasiƙa a kasuwar Rano ya yi mini ita tas, amma maganar da ke bakina ba ta kunnen wani ba ce. Saura kwana shida ka tafi, don haka kullum bayan la'asar zan zauna in ja layi kaɗan. In na gama uwarka za ta sa ta a ƙasan akwatinka, ƙarƙashin ƙullin kuka da daddawa, don kada ka gan ta sai ka yi nisa.

Ga abin da ya tayar da maganar. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ƙanena Sule, wanda ya riƙe ka, wanda kake kira Baba, ya tsayar da ni. Ka dai ga yadda tarin nan ya ci jikinsa. Ya ce, "Yaya, ina da roƙo. In tawa ta zo, ina so a aika wa Ubale. Shi zai wanke ni, shi zai sa ni a rami. Amma ɗanka ne, sai da yardarka." Na ce masa zan yi tunani. Tunanin me, don Allah? Abin da ko baƙo ya roƙa ba a hana shi. Amma wallahi ji na yi kamar an juye mini garwashi a ƙirji. Na ce a raina, ya samu yaron da rai, yanzu kuma yana so ya kama shi har bayan rai. Ni fa? Ƙannenka duk mata ne, mata kuwa ba sa shiga kabari. Har yanzu da nake wannan rubutu ban ba shi amsa ba.

Hassada ce, Ubale, ba zan sake mata suna ba. Na fi shekara arba'in ina kwana da ita ina tashi da ita, kuma ina so ka san inda ta kai ni kafin ka shiga cikin mutane.

Kakanka Malam Idi, wanda ka ci sunansa, shi ne limamin unguwarmu, shi ne kuma mai wankan gawa. Daga nan har rugagen Fulanin bayan dutse, ba a suturta namiji sai da hannunsa. Ina ɗan shekara goma sha biyu, Sule yana tara, yana da wata jar kyanwa gurguwa da yake kira Gimbiya. Tare suke cin tuwo, tare suke kwana. Wata damina maciji ya sare ta a gindin rumbu ta mutu. Da wani yaro ne, da wutsiya zai kama ya wurga ta juji. Shi kuwa sai ya yago gefen tsohon zanen Inna ya naɗe ta, ya haƙa rami da fartanya a bayan rumbun, ya kwantar da ita a hankali, ya jera ƙirare a kai don kada ƙasa ta taɓa mata fuska, sannan ya rufe. Ni ina gefe ina dariya har da riƙe ciki. Ashe Baba, wato kakan naka, yana tsaye a bayanmu. Na zaci zai tsawata masa, sai na ji ya ce, "Ba a yi wa dabba salla, Sule, amma ka kyauta. Hannunka yana da tausayi. Daga gobe in an kira ni, ka ɗauki butata ka biyo ni." Ya juyo ya dube ni ya ce, "Kai kuma Garba, ƙarfi Allah Ya ba ka. Sai haƙa."

Washegari da kowa ya tafi gona, na tone kyanwar nan na jefa ta a rafi. Sule ya dawo ya tarar da rami a buɗe, ya yi ta kuka yana cewa kura ce. Ni kuma, ɗan banza, na bi shi muna neman sawun kura.

To ka ji. In ka ga mutum yana kukan dabbarsa, ko jaki ne, ko kare, ko 'yar tantabara, kada ka kuskura ka yi murmushi. Ba ka san me dabbar nan ta riƙe masa ba. Ka ce masa sannu, in yana so ya binne ka karɓi fartanyar ka taya shi. In kuma aka yabi wani a gabanka ka ji ƙyashi ya motsa maka, ka tashi daga wurin ka yi alwala, kada ka bari hannunka ya taɓa komai sai ya lafa.

Haka muka girma, shi a ɗaka, ni a maƙabarta. Shi da ruwan ɗumi da ganyen magarya da farin likkafani, ya fito yana ƙanshin turare, dattawa na miƙa masa hannu, "Sannu Malam Sule, Allah Ya biya." Ni da dagi da marmara, in fito buɗu-buɗu, sai ka ji an ce, "A ba masu haƙa ruwa." Ko sunana ba a faɗa. A zaman makoki shi ne kan tabarma kusa da liman, ni can bakin danga. Kuma ba don ban iya aikina ba. Ka tambayi kowa, kabarin da na haƙa bai taɓa ruftawa da damina ba. Amma abin da na iya bai taɓa yi mini daɗi ba, idona kullum yana kan na hannunsa.

Shekara ashirin da ɗaya ke nan, da bazara, ciwon ajali ya kama Baba. Ya kira mu mu biyu ya ce, "Sule ya wanke ni, Garba ya haƙa." Iyakar wasiyyar ke nan. Ni ne babba, Ubale. Ni na fara kiransa Baba a duniyar nan. Abin da na so kawai shi ne in shafa fuskarsa da ruwa sau ɗaya, sai aka ce in ɗauki dagi in yi waje.

Ka san yadda muke yi. Mai wanka yakan sami karan dawa miƙaƙƙe ya auna mamaci daga kai zuwa diddige, ya yanke, ya miƙa wa masu haƙa. Mu kuma mu haƙa uwar kabari mai faɗi, sannan a tsakiyarta mu yanka ɗan kabari, siriri, daidai tsawon karan nan. Mai haƙa ba ya ganin gawa, karan ne idonsa. Da Baba ya cika da asuba, Sule ya fito zaure idonsa jawur, ya miƙo mini da hannu biyu ya ce, "Yaya, ga awon Baba."

Na karɓa na kama hanya. Da na zo gindin kukar nan ta hanyar maƙabarta, na waiga ban ga kowa ba, sai na sa gwiwa na karya gaɓa guda, na cusa guntun a cikin sarƙaƙiya. Har yau ina jin ƙarar nan, ƙas. Abin da ke raina ɗaya ne, yau jama'a za su ga gwanin nasu ko awo bai iya ba. Na rantse maka da Wanda raina ke hannunSa, Baba bai faɗo mini a rai ba. Sule kaɗai nake gani.

Tanko, abokin haƙata, Allah Ya ji ƙansa, da ya shimfiɗa karan a ƙasa sai ya ce, "Anya, Garba? Malam Idi dogo ne fa." Na ce, "Ni na auna? Wanda ya auna malami ne, mu namu haƙa." Ya ɗauki daginsa muka haƙa.

Jama'a ta taru kamar ranar idi. Mutanen Rano, mutanen Kibiya, na Saji, Fulani da sandunansu. Aka yi salla, aka ɗauko makara. Mu uku muka shiga, Sule wajen kai, wani ƙanen Baba a tsakiya, ni wajen ƙafa. Aka miƙo shi muka kwantar da shi kan damansa. Kai ya zauna, kafaɗa ta zauna, ƙafafu suka ƙi. Suna hannuna, Ubale. Ƙafafun ubana suna hannuna, babu inda zan ajiye su. Wani daga sama ya ce a ɗan lanƙwasa gwiwar. Ƙanen Baba ya daka masa tsawa, "Subhanallahi! Malam Idin za a lanƙwasa? A fito da shi." Aka fito da shi aka mayar kan makara. Dattawa suka tuɓe rigunansu suka riƙe a kansa don rana. Ni kuma na koma rami. Marmarar bazara ce, in ka buga dagi har wuta take yi. Tun hantsi ban gama ba sai da rana ta kusa tsaka, kuma duk ɗagowar da zan yi sai in hango likkafanin nan, wajen ƙafa ya yi ja da ƙasar da na haƙa.

Ana cikin haka wani ya ce, "Wai wa ya yi awon nan?" Sule ya ce, "Ni ne." Bai ƙara ko kalma ba.

Sule na nufa, Baba na samu. Wannan ita ce maganar da nake so ka riƙe fiye da duk abin da ke cikin takardar nan. Inda za ka, za ka tarar da wanda ya fi ka hannu, wanda likita zai riƙa kira ya bar ka tsaye. Wata rana shaiɗan zai nuna maka 'yar ƙaramar hanyar da za ka kunyata shi, ka ɓoye masa wani abu, ko ka ga ya yi kuskure ka yi shiru. Kafin ka yi, ka dubi wanda ke kwance a tsakaninku, domin shi zai sha ranar.

Me na samu? Oho! Limanci dai bai zo wa Sule ba, aka ba wani. Yara suka laƙaba masa Guntun Kara. Shekara uku wasu gidajen gwamma su aika har Kibiya a kira musu mai wanka. Amma ko mutum ɗaya bai ce a kira Garba ba. Ina nan da dagina. A sadakar uku, da ta bakwai, da ta arba'in, gumba ta ƙi wuce mini maƙogwaro, mutane suna cewa kai, Garba ya ji mutuwar nan. Shi kuwa bai taɓa ɗaga murya ba. Ya ci gaba da zuwa inda aka kira shi, har mutane suka gaji suka dawo masa da kansu. Wannan ma ya ƙona mini rai.

Da shekara ta zagayo aka haife ka. Da aka yaye ka, Sule ya zo ya nemi a ba shi kai, tunda Allah bai ba shi haihuwa ba, kai kuma ɗan fari ne, dama ba a gidan uba ake son ka tashi ba. Na ba shi da saurina, ina zaton hakan zai wanke ni. Kai, da na sani! Sai ga ni ina kallon ka a kan kafaɗarsa za ku kasuwa, kana ja masa hula yana dariya. Ka buɗe baki ka ce masa Baba, ni ka ce mini Baffa. Mutane suna yabona wai Garba akwai kunya, ko kallon ɗansa ba ya yi. Wace kunya? Tsoro nake in na dube ka a ga abin da ke idona. Shekarar da ka yi ƙyanda, kwana tara ina zagaya dangar gidansa, in tare mata in ce, "Yaya mai jikin?" sai ka ce maƙwabci. Ranar da takardar makarantar nan ta zo, wurinsa ka ruga da gudu. Ni a bakin uwarka na ji. Na ce to madalla, na ci gaba da wasa dagina a dutse, har na yanke yatsa ban sani ba.

Ban ga laifinka ba, wanda ya goya ka shi ka sani. Amma ka ji nan. Kunya abu ce mai kyau, kada ka yar da ita don ka shiga birni. Sai dai kada ka mai da ita bargon da za ka lulluɓe wani ciwo da shi. Na tsaya a bakin kabari fiye da yadda zan iya tunawa, na ji ƙattin maza suna faɗa wa tulin ƙasa maganar da tun tuni ya kamata su faɗa wa mai rai. Wanda kake so, ka bari ya sani tun yana ji.

Wani abu kuma, tun ina tunawa. An ce a asibitin birni mutum yakan mutu ba nasa ko ɗaya, ɗan ci-rani ko matafiyi. In ya faɗo a hannunka, ka rufe masa ido, ka ɗaure masa haɓa, ka miƙe masa gaɓoɓi tun jiki da ɗumi. Ka nemi sunansa ka faɗa wa masu salla, kada a binne shi a matsayin wani mutum kawai. In babu mai bin makararsa, ka bi. In ka je gaisuwar mutuwa, kada ka tsaya ƙirga waɗanda suka zo, irin abin da na yi ta yi ke nan, ina auna wa zai fi jama'a tsakanina da Sule ranar tamu. Ka zauna, ka yi addu'a, ka faɗi alheri ɗaya na gaskiya da ka sani game da mamacin, ka tashi. Masu haƙa kuma ka gaishe su da sunansu.

Na ajiye takardar nan kwana biyu ban taɓa ta ba. Da na maimaita abin da na rubuta, sai na ga rashin kunyata, zan faɗa wa ɗa abin da na kasa faɗa wa mai haƙƙi. Yau da hantsi, kana can wajen yi wa dangin uwarka sallama, na tafi gidan Sule. Na tarar da shi a zaure yana naɗe wani farin ƙyalle, ban tambaye shi na waye ba. Na zauna. Muka gaisa, muka sake gaisawa, na tambayi gero, na tambayi tari. Da abin tambaya ya ƙare sai na ce, "Sule, karan Baba. Ni na karya shi."

Ko kai bai ɗago ba. Ya ce, "Na sani, Yaya."

Da ƙyar na ce, "Tun yaushe?"

Ya ce, "Tun a bakin ramin. Da wuƙa na yanke shi, bakinsa sumul. Wanda na gani jingine a kan tulin ƙasa karyayye ne."

Na ce, "To don me ka ce kai ne?"

Ya ce, "Me zan ce? Rano da Kibiya suna tsaye, in ce babban ɗan Malam Idi ne ya yi wa gawar ubansa haka? Kuskuren awo ana mantawa. Wancan kuwa har jikokinka sai an goranta musu."

Na ce, "Kuma duk da haka ka zo ka nemi Ubale?"

Ya yi tari mai tsawo, sannan ya ce, "Na ga ka daina iya kallon idona. Na ce in ɗanka yana gidana, dole ka riƙa leƙowa."

Na yi kuka, ba zan ɓoye maka ba, irin wanda ban yi ba ranar Baba. Amma ka san me ya motsa a ƙarƙashin kukan? Astagfirullah. Wata murya ce ta ce mini, ka gani, har a nan ma ya fi ka. Shekara ashirin da ɗaya ina zaton ni ke riƙe da asiri, ashe shi ke riƙe da ni, ya rufe ni ruf, ko a fuska bai nuna ba. Na ji haushin haƙurinsa, Ubale, ina zaune a gabansa ina neman gafara. Na gaya maka ne don ka san abin nan ba ya tsufa tare da mutum. Ba na jin zan rabu da shi kafin in mutu. Iyakar abin da na koya shi ne in ji shi yana magana in ƙi yin abin da ya ce.

Sule ya ce, "Nawa na yafe tun ranar. Na Baba kuwa, ka ci gaba da yi masa addu'a, ni ma ina taya ka." Sannan ya dube ni ya ce, "Roƙona fa?"

Na ce, "Na ba ka." Da ƙyar ta fito, kamar ana zare mini ƙaya a tafin ƙafa, amma ta fito.

Ya ce, "Alhamdu lillahi. Saura ɗaya. Haƙa kai za ka yi mini, ban yarda da kabarin kowa ba sai naka. Ubale zai auna ya miƙa maka."

Don haka ga umarnina. Duk ranar da aka aiko maka cewa Sule ya cika, ko kana tsakiyar jarrabawa ne, ka nemi izini ka hau mota. Ka wanke shi yadda ya koya maka, a hankali, ka sa shi a makwancinsa da hannunka. Ya cancanci haka, ya fi cancanta ma. Na dawo gida na yi niyyar yaga takardar nan, tunda mai haƙƙi ya yafe, me zai sa in zubar da 'yar ƙimar da ta rage mini a idonka? Sai na fasa. Ranar da za ka fito zaure ka miƙo mini karan nan, ina so ka san hannun da kake miƙa wa.

Nawa wankan ban roƙe ka ba, ban isa ba. In ka karanta wannan ka ga za ka iya, to. In ba za ka iya ba, ka tsaya ko a sahun baya ne, ka ce Allah Ya ji ƙansa, ya ishe ni. Abu ɗaya kawai nake nema tun ina da rai. In ka sauka za ka rubuto wa Sule, na sani, kuma ka rubuta. Amma ni ma ka rubuto mini tawa daban, ko layi biyu ne. Kada ka cusa ni a ƙarshen tasa, cikin a gaida mutanen gida. Zan iya karantawa da kaina.

Allah Ya kai ka lafiya, Ya dawo da kai lafiya. Allah Ya sa albarka a hannunka, Ya sa duk wanda ka taɓa ya samu sauƙi, Ya tsare maka zuciya daga abin da ya cinye tawa. Allah Ya ba Sule lafiya, Ya ji ƙan Malam Idi, Ya yalwata masa kabarinsa, Ya sa mu cika da imani. Amin summa amin. Uwarka da ƙannenka suna gaishe ka.

Wassalam.

Ni ne mahaifinka,
Garba mai haƙa.